Kajina suna ci amma suna ramewa

Tambaya daga wani ƙauye a Ringim: Ina da kajin gida wajen 20. Suna ci, amma ƙashin ƙirjinsu ya fito, ƙwai kuma ya ragu. Na ba su Piperazine, maganin tsutsar ciki, sau ɗaya, ban ga canji ba. Mene ne abin yi?

Amsa: Malama, ki fara duba kashinsu da sassafe. In kin ga dogayen fararen tsutsotsi masu kai tsawon yatsa, Piperazine na maganinsu. In kuwa 'yan guntaye ne farare kamar ƙwayar shinkafa, wannan tsutsa ce mai faɗi da kaza ke ɗauka wajen cin tururuwa, ƙwari da ƙudaje, kuma Piperazine ba ya taɓa ta. Sai maganin Albendazole, malamin dabbobi ya auna miki gwargwadon nauyin kajin.

Yadda ake ba da Piperazine ma yana ɓata aiki. Kazar da ke yawo za ta bar ruwan magani ta je ta sha na kwata. Ki kulle su, ki ɗauke ruwa tun dare, da safe ki dama maganin a ruwan da za su shanye cikin awa 3 zuwa 4. Babbar kaza miligiram 100 na Piperazine take buƙata, amma ƙarfin maganin ya bambanta daga leda zuwa leda, don haka a bi awon da ke jikin ledar.

Sau ɗaya bai isa ba. Manyan tsutsotsi maganin yake fitarwa, ba ya kashe ƙwansu, ƙwan kuma yakan yi watanni a ƙasa mai laima. Ki maimaita bayan mako 2 zuwa 3, ki share akurki, ki kai kashin gona mai nisa. Daga nan duk wata 3, musamman farkon damina da ƙarshenta. Kada a ci ƙwai ko nama sai kwanakin da aka rubuta a ledar sun cika.

Ki kuma ɗaga fiffike ki duba. Kwarkwata da kaska ma suna ramar da kaza, kuma kaskar kaji da rana tana ɓuya a tsagar bango, sai da dare take fitowa, saboda haka a yaɓe tsagogin. Ƙumar da ke maƙale a fuska a shafa mata Vaseline. A tara toka da yashi a inuwa su riƙa birgima.

Jini a kashin 'yan tsaki kuwa galibi ba tsutsa ba ce, maganin Amprolium ake ba su.