Lasifika huɗu a amfilifaya ɗaya: me ke ƙona min IC?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran rediyo a wani ƙauye kusa da Ringim. Na haɗa amfilifaya da IC (ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sauti) mai lamba TDA2030 da taransfoma 12-0-12 don majalisin Mauludi. Da na jona lasifika huɗu masu om 4, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sai sauti ya shaƙe, IC ya ɗau zafi har ya ƙone. Wane IC zan saya mai ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsaya tukuna kafin ka sayi komai, matsalar daga jonin take. Lasifika huɗu masu om 4 a irin wannan joni om 1 suke komawa, kuma duk lokacin da om ya ragu, wutar da lasifika ke ja, wato amfiya, ƙaruwa take yi. Taransfomarka na ba da kusan bolt 16 kowane ɓangare, don haka idan ka ƙure sauti lasifikun za su nemi fiye da amfiya 10, alhali iyakar TDA2030 amfiya 3.5 ce. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Gyara mafi sauƙi bai cin ko sisi. Ka ɗauki lasifika biyu, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, sun zama om 8. Ka yi wa sauran biyun haka, sannan ka haɗa rukunan biyu ja da ja, baƙi da baƙi. Ka dawo om 4. Idan mita ta nuna maka 3 da ɗoriya, daidai ne, haka take karanta lasifikar om 4.

In kuwa lallai om 2 kake son turawa, misali lasifika biyu masu om 4 ja da ja, baƙi da baƙi, to ka sani wuta mai yawa ake buƙata, bolt kaɗan ya isa. Wat 50 a om 8 amfiya 2.5 ne, amma a om 2 amfiya 5 ne, yana tashi har 7. Taransfoma 15-0-15 mai amfiya 8 ta wadatar; mai bolt 35 zafi kawai za ta tara maka a transistoci. A maimakon IC, ka sa manyan transistoci, 2SC5200 biyu da 2SA1943 biyu, kowanne da rezistarsa ta om 0.22, wat 5, a ƙafar emita. Kada ka tsallake rezistocin nan. Idan babu su, transista ɗaya zai kwashe wutar, ya ƙara zafi, ya ƙara ja, ya mutu, ya tafi da ɗan'uwansa. Ƙaramin transistan da ke daidaita su, BD139, shi ma ka ɗaure shi a jikin farantin alminiyom ɗin da ke ɗauke wa manyan zafi, don ya riƙa jin zafinsu. Ka sa maika, siririn fallen nan mai hana wuta wucewa, da farin man nan mai kai zafi tsakanin kowane transista da farantin, da fanka, musamman a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Kafasita 10,000µF biyu kowane ɓangare, da fis na amfiya 6. Jabun transistocin nan sun yi yawa a kasuwa, ka saya wurin wanda ka yarda da shi.

Wayar lasifika ma tana cin rabonta. Mai kaurin 1.5mm, tazarar mita 10, zuwa da dawowa kusan om 0.23 ce, a om 1 kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinka a waya zai ƙare. Ka sa 2.5mm, ka rage tsawo.

Idan da batirin sola za ka yi aiki, TDA2003 yana jure om 2, yana ba da wat 10 a bolt 14.4. Sai dai kada ka yi masa haɗin gada, wato IC biyu su tura lasifika ɗaya ta ƙafafunta biyu, a om 2, domin kowane IC om 1 zai gani.