Kafin ka sayi tayil, ina takardar hayar?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Kawuna yana cikin shugabannin wani tsohon kulob na zamanin Turawa a unguwar Nasarawa ta Kano, ya ce in karɓi babban zauren in mayar da shi wurin aiki na haɗaka, inda matasa masu sana'ar kwamfuta za su riƙa biyan kuɗin tebur. Na ware naira miliyan 20 don sabon silin, tayil da gilasai. Wane ado zai sa kuɗina su dawo cikin shekara?

Amsa: Alhaji, duk wasiƙarka ban ga inda ka ambaci takardar haya ba. Kulob ba gadon kawunka ba ne. Yana da mambobi da amintattu, kuma shugabanni sauyawa suke yi. Ranar da aka zaɓi wasu, "kawu ne ya ce in shiga" ba za ta tsaya maka ba. Na san wani bawan Allah da ya gyara zauren wata ƙungiya a kan alkawarin baki. Da wurin ya yi kyau aka ninka masa haya, ya fita ya bar musu tayil da wayoyin wuta, don ba a ɓamɓare su a tafi da su.

Nemi lauya a rubuta hayar aƙalla shekara 5, amintattu su sa hannu, a fayyace abin da za ka iya taɓawa da diyyarka idan aka tashe ka. Fasa bango kuwa sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.

Ginin ma bar shi da kamanninsa. Kaurin bango, tsayin rufi da baranda su ke sanyaya irin waɗannan gine-gine. Ka saukar da silin, ka toshe iska da gilashi, zafin Afrilu zai ɗaure ka da na'urar sanyaya ɗaki, ga wutar layin Band A, rukunin da ya fi samun wuta, ta haura naira 200 kowane yunit tun 2024. Fenti, fitilu masu haske, wurin alwala da salla, banɗakin mata daban, sun isa. Kashi biyu cikin uku na kuɗin zuba su a abin da mota za ta iya kwashe maka: sola, batura, intanet, tebura, kujeru masu daɗin zama da allunan raba ɗaki.

Maganar shekara guda kuma cire ta daga ranka. A ce tebur 40 kowanne naira 30,000 a wata, kuma duk sun cika, miliyan 14.4 ke nan a shekara, ba ka cire haya da albashin mai gadi ba.