Ina shan Lexotan saboda fargaba, yanzu na kasa dainawa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Tun rasuwar mahaifina nake fama da faɗuwar gaba da rashin barci. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni Lexotan, yau wata biyar ke nan ina sha. Ranar da ban sha ba sai jikina ya kama rawa. Shin in daina kawai in dogara da addu'a?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Don Allah kada ki yanke shi rana ɗaya. Lexotan, wanda sunansa na asali bromazepam, dangin Valium ne, kuma likitoci ba su son a wuce sati 2 zuwa 4 ana shansa. A wata biyar jikinki ya riga ya saba da shi, rawar da kike yi alamar hakan ce. Wanda ya daina kwatsam yana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage miki shi kaɗan-kaɗan, wani lokaci sai an ɗauki watanni. Kafin nan kada ki kuskura ki haɗa shi da taramol ko kodin, domin haɗin yana iya tsayar da numfashi. Yana damuna ƙwarai yadda ake miƙa wa mutane wannan ƙwaya babu takardar likita.

Ita kuma fargabar tana da magani. Da farko za a duba ko ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo ke sa bugun zuciyar. In ba su ba ne, akwai irin su sertraline da fluoxetine, waɗanda ba su kama mutum kamar Lexotan, sai dai sukan kai sati 4 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu sosai. A satin farko ma fargabar kan ɗan ƙaru, a nan ne da yawa ke cewa bai karɓe su ba su ajiye. Ki daure. Ki kuma nemi zama da masanin halayyar ɗan Adam, domin baƙin cikin rashin uba sai an furta shi yake sauƙi.

A gida, ki rage goro da kofi da shayi mai kauri, musamman bayan la'asar. In gaban ya faɗi, ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, na 'yan mintoci. Ki riƙa tattaki kullum. Addu'a da azkar ki riƙe su da kyau, tare da maganin.

Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Ki tafi da kwalin maganin, ki faɗi adadin da kike sha ba ɓoye-ɓoye. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wani na jikinki yau, ya raka ki asibiti ba sai an jira ranar ganin likita ba.