Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Makro Ke Rage Wahalar Gyaran Shafuka a PowerPoint

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne. Na tattara darasi mai shafuka 80 daga abokan aiki, kowa da irin rubutun da ya zaɓa. An ce makro, wato jerin umarni da kwamfuta ke aiwatarwa da kanta, zai daidaita su lokaci guda, amma na duba ban ga maɓallin naɗar makro irin na Excel ba. Ina yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ba idonka ba ne, maɓallin babu shi. Tun daga PowerPoint 2007 Microsoft ta cire shi, ta bar shi a Word da Excel. A PowerPoint sai dai ka rubuta umarnin da kanka da VBA, wato harshen rubuta umarni na manhajojin Office.

Kafin nan, gwada hanya mai sauƙi: Home, sai kibiyar da ke gefen Replace, sai Replace Fonts. Idan nau'in rubutu biyu ko uku ne suka gauraya, wannan ya wadatar. Makro na da amfani ne idan nau'o'in sun yi yawa, ko aikin zai riƙa maimaituwa duk zango.

Fara da kwafe fayil ɗin, ka yi aikin a kan kwafin, domin makro ba ya tambayarka ko ka tabbata kafin ya taɓa shafuka 80. Buɗe kwafin, danna Alt da F11 tare, shiga Insert, zaɓi Module, ka rubuta wannan:

Sub DaidaitaRubutu()
Dim s As Slide, a As Shape
For Each s In ActivePresentation.Slides
For Each a In s.Shapes
If a.HasTextFrame Then
a.TextFrame.TextRange.Font.Name = "Calibri"
End If
Next a
Next s
End Sub

Danna F5. Umarnin yana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, a kowane shafi ya duba kowane abu, idan mai ɗaukar rubutu ne ya mayar da shi Calibri. Kada ka cire layin HasTextFrame. In ka cire shi, da zarar makron ya ci karo da hoto zai tsaya da saƙon kuskure, ya bar maka aiki rabi da rabi.

Za ka tarar wasu wuraren ba su canza ba. Rubutun cikin tebur, da na jadawali, da na abubuwan da aka ɗaure wuri guda da Group, wannan makron ba ya kaiwa gare su. Kwance ɗaurin da Ctrl, Shift da G, ka sake gudanar da shi. Shawarata kuma, kada ka ƙara layin Font.Size a nan, domin zai mayar da kanun shafi da jikin bayani girma ɗaya. Girman rubutu a Slide Master ake gyara shi, wato babban shafin da ke tsara kamannin sauran shafuka, yana ƙarƙashin View.

Wajen ajiyewa ka zaɓi PowerPoint Macro-Enabled Presentation, wato mai ƙarshen .pptm. Idan ka ajiye a .pptx, gyaran shafukan zai zauna amma makron ya tafi.

Tambaya: Na tura wa abokiyar aikina fayil mai makro, ya ƙi aiki a wajenta. Me ya jawo?

Amsa: Idan a waya ta buɗe, ko a PowerPoint na intanet, makro ba ya aiki a can, sai a manhajar kwamfuta. Idan kuma a kwamfuta mai Windows ne, tun 2022 Office ke toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet ko imel, ya nuna jan layi a sama. Ta rufe fayil ɗin, ta danna shi da maɓallin dama na linzami, ta shiga Properties, ta sa alama a Unblock, sannan OK. Ta yi haka ne kawai idan ta tabbata daga hannunki ya fito. Ɓarayin intanet sun daɗe suna cusa mugayen manhajoji ta makro, don haka ban yarda kowa ya kunna Enable all macros a Trust Center, wato wurin saitunan tsaro na Office, ba.

Tambaya: Na sa makro ya rubuta "ƙarshen darasi" a kowane shafi, sai alamar tambaya ta fito a madadin ƙ.

Amsa: Wurin rubuta VBA ba ya karɓar haruffanmu masu lanƙwasa kai tsaye. Kira su da lambarsu: ChrW(409) shi ne ƙ, ChrW(599) ɗ, ChrW(595) ɓ, ChrW(436) kuma ƴ. Sai ka rubuta ChrW(409) & "arshen darasi". Idan har yanzu ɗan akwati ya fito a shafin, nau'in rubutun da ka zaɓa ne ba shi da harafin, sai ka canza wani ka gwada.