Me ake nufi da "Landeanflug" a jirgin Jamus?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na hau jirgin Lufthansa daga Abuja zuwa Frankfurt. Da muka kusa isa, sai na ji ma'aikaciyar jirgin ta ambaci "Landeanflug", ta ce kowa ya ɗaura bel. Ina koyon Jamusanci, amma kalmar ta shige mini duhu. Sauka take nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da sauran tafiya, ɗan'uwa. Saukar kanta, lokacin da tayoyi suka taɓa kwalta, ita ce Landung. Jamusawa gwanaye ne wajen ɗinke kalmomi: "landen" sauka, "an" dosar wuri, "Flug" tafiya a sama. Landeanflug ke nan, gangarowar jirgi yana dosar filin da zai sauka. A lokacin ne kunne ke toshewa, ka ji ƙugin fitowar tayoyi a ƙarƙashin kujerarka.

A ƙananan filaye, inda matuƙa kan yi magana da Jamusanci ta rediyo, kowane ɓangare da sunansa. Jirgi yakan zagaya filin, zagayen da suke kira Platzrunde. Idan ya bi gefen titin sauka yana fuskantar akasin inda zai sauka, Gegenanflug ne. Ya karya kwana ya gitta, Queranflug. Ya miƙe ya saita hanci da titin, Endanflug. Galibi hagu ake juyawa, don matuƙi a hagu yake zama, ya fi ganin filin.

Jirgin da ka hau bai yi wannan zagayen ba. Jami'an kula da zirga-zirgar jirage ne suka jagorance shi da Turanci har ya hau siginar rediyo da ke nuna masa tsakiyar titi da gangaren da zai bi, yawanci digiri 3. Wato a kowane mil ɗin teku (kusan kilomita biyu) yana rage kusan ƙafa 300. Wannan dabara ma tana da tushe a Jamus: a shekarun 1930 kamfanin Lorenz ya kafa na'ura a filin Tempelhof na Berlin, matuƙi na jin ɗigo-ɗigon sauti idan ya karkace gefe guda, dogon sauti a ɗaya gefen, sauti mara yankewa idan yana daidai.

Kalma ɗaya zan ƙara maka: durchstarten. Idan matuƙi bai gamsu da gangarowar ba, sai ya ba injin wuta ya sake tashi. Fasinja kan yi ta salati, amma a ganina matuƙin ya cancanci yabo, domin abin da aka koya masa ke nan. Zagayowa zai yi ya sake wani Landeanflug ɗin.