Kafin ka tara ganyen taba na shekara biyu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya sayen ganyen taba mai yawa wanda ba a yanka ba, ka ajiye na shekara biyu kana naɗa sigarinka a gida, ba tare da ya lalace ba. Na daɗe ina yi, ga abin da na gani da idona.

Daɗewa ba ta cutar da ganyen taba. Kamfanonin sigari ma sukan ajiye shi shekara ɗaya zuwa uku kafin su taɓa shi, don kaifinsa a maƙogwaro ya ragu. Danshi ne ke kashe shi. A sayena na farko, da na ga ganyen ya bushe ƙamas yana karyewa, sai na fesa masa ruwa gaba ɗaya na ɗaure a leda. Bayan mako uku na buɗe, wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba ya buge ni. Fumfuna fari fat ta bi jijiyar tsakiyar kowane ganye, domin nan ne ruwa ke maƙalewa. Kilo biyu na zubar. Kada ma ka ce za ka goge ka sha, wanda ya yi fumfuna ya tafi ke nan.

Tun daga ranar a bushe nake ajiyewa, cikin leda mai kauri, a wuri mai sanyi da rana ba ta shiga. Na mako ɗaya kawai nake cirowa, in ɗan fesa ruwa, in rufe shi ya kwana. Da safe sai in dunƙule shi a tafin hannu: in ya lanƙwasa kamar fata mai laushi ya sake buɗewa, ya yi. In ya manne wa yatsu, ruwan ya yi yawa, zai toshe injin yanka.

Akwai kuma wani ɗan ƙwaro ja-ja da tsutsarsa ke huda ganyen. Alamarsa ƙananan ramuka kamar na allura da gari a ƙasan leda. Duk sabon ganye sai ya yi mako guda a firiza kafin in haɗa shi da tsoho.

Batun iri, Virginia tana da zaƙi-zaƙi saboda da zafi ake busar da ita, Burley da iska ake shanya ta kuma ta fi ƙarfi, Oriental ta Turkiyya da Girka ƙananan ganye ce mai ƙamshi. Fara da rabin kilo na kowacce har ka gane haɗin da ya yi maka. A lissafinka kuma ka tuna jijiyar da za ka zare tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin, karan sigari ɗaya kuwa yana ɗaukar kusan giram ɗaya.

Sai abin da ya fi damuna, kuma don shi na tsaya rubuta maka wannan. Lokacin da nake sayen kwalin sigari, ƙarewarsa ce ke taka mini birki. Da na tara ganye a gida, babu abin da ke ƙarewa, kafin in ankara shana ya kusa ninkawa, tarin safe ya dawo. Kada kowa ya ce maka na gida ba shi da illa don ba a zuba masa sinadari ba. Nikotin a cikin ganyen yake, kwalta da iskar guba kuwa daga ƙonawar suke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Yanzu na dare ɗaya nake naɗawa, in ƙirga, in kulle sauran, kuma ina rage adadin a hankali.

Ka duba dokar ƙasarka, don a wurare da yawa sayar da abin da ka naɗa sai da lasisi da haraji. In akwai yara a gidan, sa wa akwatin da kake ajiye ganyen kwaɗo, domin ɗan ganye kaɗan in yaro ya haɗiya zai iya kai shi asibiti.