Me 'yan Malesiya ke ci kullum, kuma yaya ake dafa nasi lemak?

Tambaya: Zan tafi karatu Kuala Lumpur. Wane abinci mutanen can suka fi ci yau da kullum, kuma zan iya girka shi da kaina?

Amsa: 'Yar'uwa, abinci uku za ki fara cin karo da su tun da sassafe: nasi lemak, roti canai da shayin teh tarik. Su ne ginshiƙin karin kumallon ƙasar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Roti canai gurasa ce mai laushi da ake murza ƙullinta da mai, a bar shi ya kwana, a shimfiɗa shi siriri kamar takarda kafin a soya, a ci da miyar wake ta dal. Ki bar wa masu shagunan mamak, wato Musulmi 'yan asalin Indiya, wannan aikin, domin hannu yake so. Teh tarik kuwa shayi ne da madarar gwangwani da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. In zaƙi ya dame ki, ki ce "kurang manis", wato a rage zaƙi.

Wanda ya kamata ki koya shi ne nasi lemak, shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa. Ki wanke shinkafa kofi 2 har ruwan ya yi fari tas, ki zuba madarar kwakwa kofi 1 da ruwa kofi 1 da rabi, gishiri, ɗan yankin citta, da ganyen pandan 2 a ƙulle. Pandan ne ke ba ta ƙamshinta, kuma ana samunsa a kowace kasuwa a can. Da ta tafasa ki rage wuta, ki rufe minti 15, ki sauke ki bar ta ta turara minti 10. Yawancin masu koyo suna ƙara madara da tunanin za ta fi daɗi, sai shinkafar ta caɓe, ƙasan tukunya ya kama ƙanzo, saboda kitsen kwakwa saurin ƙonewa gare shi. Kuma kada ki bar ta ta yini a waje. Zafin Malesiya da laimarta na sa ta yi tsami da wuri.

Amma sambal, wato soyayyen markaɗen barkono da ake cin shinkafar da shi, shi ake auna gwanintar mai girki da shi. Ki jiƙa busasshen barkono kamar 15 a ruwan zafi, ki cire 'ya'yan, ki markaɗa da ƙananan albasa 6, tafarnuwa 3 da ƙaramin cokali na belacan, wanda ya yi kama da daddawa amma da jatan lande ake yin sa. A gasa belacan ɗin tukuna, in ba haka ba ƙarninsa zai fito. Ki soya markaɗen a mai da wuta kaɗan har man ya taso sama, abin da suke kira "pecah minyak". Wannan kan ɗauki minti 20 ko fiye, kuma wanda ya yi gaggawa zai ji ɗanyen barkono a baki da kuma ciki. Sai ruwan tsamiya, sukari da gishiri.

A gefe ana sa soyayyen ƙananan busasshen kifi na ikan bilis, soyayyar gyaɗa, yankan kokwamba da dafaffen ƙwai. Ki shanya kifin bayan wanki, domin jiƙaƙƙe ba ya ƙamas a mai.

Game da halal: taliyar char kway teow ta jihar Penang, a wasu rumfunan Sinawa da man alade ake soya ta. Ki nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a shagon, ko ki saya a wurin Malayawa, waɗanda Musulmi ne.